Jigilar fatun namun daji: ƙa'idoji da hanyoyin rage tsada

Mafarauta a yankuna irin su Adogi, a ƙaramar hukumar Lafiya ta jihar Nasarawa, kan adana fata ko ƙahon dabbar da suka harbo. Wasu na aika su majemar Kano, wasu kuma wurin ƙwararrun da ke cusa fata ta dawo da siffar dabbar.

Kuɗin dako ya danganta ne da nauyin kaya da girmansa. Saboda haka akan kankare nama da kitse, a barbaɗa gishiri, a shanya fatar a inuwa, domin zafin rana na sa ta tsage. Busasshiyar fata ba ta da nauyi, ba ta kuma ruɓewa a hanya. Aika ta a naɗe ya fi arha a kan aika dabbar da aka riga aka cusa, haka ma haɗa kayan mutane da dama a dako ɗaya.

Asara mafi girma tana zuwa ne daga rashin takardu. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka gyara a 2016, ta haramta farauta da cinikin wasu dabbobi, ciki har da damisa. Fitar da sassan dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta lissafa na buƙatar izinin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Kayan da ba su da izini hukumar kwastam kan ƙwace su, a kuma gurfanar da mai su.