Kamfanin Julius Berger

Julius Berger kamfani ne na gina hanyoyi da gadoji da tashoshin jiragen ruwa da sauran manyan ayyukan raya ƙasa. Asalinsa na Jamus ne, amma a yau hedikwatarsa tana unguwar Utako a Abuja, kuma yana cikin manyan kamfanonin gine-gine na Nijeriya.

Kamfanin ya ɗauki sunan wanda ya kafa shi, Julius Berger, wani Bayahuden Jamus da aka haifa a 1862 a garin Zempelburg na Yammacin Prussia, wanda yanzu yake cikin ƙasar Polan. Ya gaji sana'ar sufuri da keken doki daga mahaifinsa, kuma jigilar kayan gini ce ta kai shi ga karɓar kwangilar hanyoyi da layin dogo. A 1905 ya mayar da harkar kamfanin hannun jari mai suna Julius Berger Tiefbau AG, sannan a 1910 ya koma da mazauninsa birnin Berlin. Aikin da ya fito da sunan kamfanin a ƙasashen waje shi ne ramin jirgin ƙasa na Hauenstein a Suwizalan, mai tsawon kilomita 8 da 'yan kai, wanda aka haƙa a ƙarƙashin duwatsu tsakanin 1912 da 1916. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya kamfanin ya yi ayyukan layin dogo a Romaniya da Turkiyya da Iran.

Hawan 'yan Nazi mulki a 1933 ya raba Berger da shugabancin kamfaninsa saboda kasancewarsa Bayahude. A 1942 aka kai shi sansanin Theresienstadt tare da matarsa, inda ya rasu a 1943. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya sake kafuwa a birnin Wiesbaden. Ya haɗe da kamfanin Bauboag a 1969, sannan a 1975 ya haɗe da kamfanin Grün & Bilfinger na Mannheim, aka samu Bilfinger + Berger. A 2012 wannan rukunin ya taƙaita sunansa zuwa Bilfinger, ya kuma karkata ga hidimar masana'antu maimakon gine-gine.

Shigowar kamfanin Nijeriya ta faro ne a 1965, lokacin da ya samu kwangilar gadar Eko, gada ta biyu da ta haɗa tsibirin Legas da sauran birnin bayan gadar Carter. A 1970 aka yi wa reshen Nijeriya rajista a matsayin kamfani mai zaman kansa. Wannan ya zo daidai da bunƙasar kuɗin man fetur, lokacin da gwamnati ta riƙa ba da manyan kwangiloli. Cunkoson jiragen siminti da ya toshe tashar Apapa a tsakiyar shekarun 1970 ya sa aka ba kamfanin aikin tashar Tin Can, wadda aka buɗe a 1977. Ya yi aikin tashar jiragen ruwa ta Warri da gine-ginen masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, yana kuma cikin waɗanda suka gina gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda Janar Ibrahim Babangida ya buɗe a 1990. A 1991 aka fara cinikin hannayen jarinsa a kasuwar hannayen jari ta Nijeriya.

Ginin sabon babban birnin tarayya ne ya jawo kamfanin zuwa tsakiyar ƙasar. A Abuja ya shimfiɗa da yawa daga cikin manyan tituna da gadoji, ya gina Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa da ta karɓi taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1991, da hedikwatar Babban Bankin Nijeriya, da babban filin wasa mai ɗaukar kimanin mutum 60,000, wanda aka yi Wasannin Afirka na 2003 a cikinsa. A 2017 ya gyara titin saukar jirage na filin jirgin saman Abuja cikin mako shida, yayin da aka karkatar da jirage zuwa Kaduna. A jihar Kano, shi ya gina madatsar ruwa ta Challawa a yankin Ƙaraye tsakanin 1990 da 1992. A Kudu kuwa ya gina gada ta biyu a kan kogin Neja tsakanin Asaba da Onitsha, mai tsawon kilomita 1.6, wadda aka ƙaddamar a 2023.

Ba dukkan ayyukansa ne suka ƙare lami lafiya ba. A ƙarshen 2017 aka ba shi kwangilar sake gina hanyar Abuja zuwa Kaduna da Zariya da Kano, mai tsawon kusan kilomita 375. Aikin ya ja lokaci, matafiya suka yi ta kokawa, kuɗinsa kuma ya yi ta hauhawa. A watan Nuwamba na 2024 Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bayan saɓani kan farashi.

Muhimmancin kamfanin a tarihin gine-ginen Nijeriya yana tattare da daɗewarsa da kuma irin ayyukan da aka riƙa damƙa masa a ƙarƙashin gwamnatocin soja da na farar hula. Dangantakarsa da Jamus ma ta juya. Daga 2011 Bilfinger ya fara rage hannun jarinsa a Julius Berger na Nijeriya, kuma a 2012 kamfanin na Nijeriya ya sayi mafi yawan hannun jarin ofishin injiniyoyi na Wiesbaden, wato Julius Berger International. Reshen da aka buɗe domin gada guda a Legas shi ne yanzu uwar kamfani, ofishin Jamus kuma yana ƙarƙashinsa.