TSH Da 'Yan Uwansa: Sunayen Da Ke Kan Takardar Gwajin Tairod

Mai shan maganin tairod idan ya karɓo takardar gwajin jininsa, da sunaye uku yake cin karo: TSH, T4, wani lokaci har da T3. Na farkon ne ke rikita mutane, domin ana ce masa gwajin tairod alhali ba tairod ce ke yin sa ba.

Bahaushe ya fi sanin wannan tsoka ta gaban wuya idan ta kumbura, sai ya ce maƙoƙo. Sunan da likitoci ke kiranta da shi kuwa, likitan Ingila Thomas Wharton ne ya raɗa mata a 1656, daga kalmar Girkanci mai nufin garkuwa.

T4 da T3 ƙirga ce kawai, wato yawan ƙwayoyin aidin da ke jikin kowane homon. Edward Kendall ya fara ware T4, wanda ake kira tairoksin, a asibitin Mayo na Amurka a 1914. T3 sai 1952 aka gano shi. Mafi yawan abin da tairod ke fitarwa T4 ne, hanta da sauran sassan jiki su cire masa aidin ɗaya ya koma T3, shi ne mai yin ainihin aikin. Ƙwayar da ke ɗauke da sunan levothyroxine a kwali T4 ce sak. Gwaji ba ya bambance ta da na jiki, shi ya sa wanda ya haɗiye ta dab da ɗibar jini kan ga T4 ɗinsa ya ɗan haura.

TSH kuwa daga fituwitari yake, wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ma'anar haruffan kuma homon mai zaburar da tairod. Kamar uwa ce ke kiran yaro: in ya amsa ta sassauta murya, in ya yi shiru ta ɗaga. Saboda haka hawan TSH na nufin homon tairod ya yi wa jiki kaɗan, faɗuwarsa ƙasa sosai na nufin ya yi yawa. Yawancin ɗakunan gwaji sukan sa iyakar lafiya tsakanin kusan 0.4 da 4.0. Wanda ya ga 9, ya ga an rubuta ya zarce, ya yanke wa kansa hukuncin rage ƙwaya, ya juya maganar ne. A ganina laifin sunan ya fi na mai karatun. Ƙwayar kuma ba ta gaggawa, sai kusan kwana 7 rabinta ke barin jiki, don haka likita kan ce a jira mako 6 zuwa 8 bayan canjin adadi kafin a sake gwaji. Ƙa'idar karanta TSH tana da togaciya: wanda ciwonsa a fituwitarin yake ba a dogara da TSH ɗinsa, wasu da aka yi wa aikin sankarar tairod kuma da gangan ake danne nasu.

Sai harafin F da kan zo gaban T4, alamar sakakke. Fiye da kashi 99 cikin 100 na T4 ɗaure yake da furotin a cikin jini. Ɗan abin da ya rage ne jiki ke mora, shi FT4 ke aunawa.

A nan wani suna mai fuska biyu ke shigowa. Maye gurbin homon ana faɗarsa ga mai shan levothyroxine, ana kuma faɗarsa ga matar da al'adarta ta ɗauke aka ɗora ta kan istirojin. Akwai matan da suka haɗa biyun. Istirojin na haɗiya yana sa hanta ta ƙara yin furotin mai ɗaure T4, sai jimillar T4 ta hau a takarda alhali sakakken na iya raguwa, TSH ya ɗaga, a buƙaci ƙarin ƙwayar levothyroxine. Na mannawa a fata bai cika yin haka ba. Juna biyu ma kan ƙara buƙatar. Idan likita ya tambaya ko ana shan homon, a faɗi wanne, a kuma ambaci ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam, masu hana hanji tsotse maganin tairod in ba a raba su da shi da kamar awa 4 ba.