Yadda Kwamfuta Take Gane Tuƙin Direba

Masu karatu, idan kuna cikin mota direba ya taka birki da ƙarfi, jikinku yana tafiya gaba. Idan ya sha kwana da gudu, kuna karkata gefe ɗaya. Abin nan da jikinku yake ji, akwai ƙananan na'urori da suke auna shi, su rubuta shi da lambobi.

Mene ne ake aunawa?

Wata na'ura tana auna ƙarin gudu da raguwarsa. Wata tana auna juyawar mota dama ko hagu. GPS kuma yana nuna wurin da mota take. Motocin zamani suna da wata kafa mai ramuka 16 kusa da sitiyari, inda makaniki yake jona na'urarsa. Amurka ta wajabta wannan kafa tun 1996, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga motocin fetur a 2001. Ta nan ake karanta gudun mota da aikin inji. Manyan wayoyin salula ma suna ɗauke da irin waɗannan ma'aunai.

Yaya kwamfuta take koyo?

Da farko ana tara lambobin tafiye-tafiye masu yawa. Sai a yanka su guntu-guntu, kowane guntu ƴan daƙiƙoƙi. Mutane suna duba hoton bidiyon tafiyar, su sa wa kowane guntu suna: wannan birki ne, wannan kwana ce, wannan wuce wata mota ne. Daga nan a bai wa kwamfuta misalan, ta yi ta kwatanta su har ta gane alamar kowane. A ƙarshe a jarraba ta da tafiyar da ba ta taɓa gani ba. Kamar ɗalibin yaƙi da jahilci ne: ya ga harafi sau da yawa a allo, sannan ya gane shi cikin wasiƙa.

Mene ne amfaninsa?

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma bisa yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wahala. Kamfanonin sufuri suna amfani da wannan dabara domin su gane direba mai ganganci, su gargaɗe shi tun kafin a yi hasarar rai. A wasu ƙasashe kamfanonin inshora suna rage kuɗi ga mai tuƙi da natsuwa.

Ina za a yi hattara?

Kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata. Wadda ta koyi tuƙi a kwalta mai santsi tana iya ɗaukar kauce wa rami ko jaki a hanyar karkara a matsayin ganganci. Saboda haka ya kamata mutum ya duba kafin a hukunta direba.

Idan ku direbobi ne aka sa wa motarku na'ura, ku tambayi abu uku: me take aunawa, wa yake ganin bayanan, kuma yaya za ku kare kanku idan ta yi kuskure. Idan fasinjoji ne ku, kada ku jira na'ura: kun ga gudu ya yi yawa, ku yi wa direba magana cikin ladabi.