Tsohuwar Kwamfuta a Nima da Tarihin Tashin Linux

A farkon shekarun 2000, shagunan intanet sun bazu a Nima da Mamobi, kuma galibin kwamfutocinsu na hannu ne da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema. Jenna Burrell ta yi bincike a irin waɗannan shaguna na Accra, har da na Mamobi, ta fitar da littafi a 2012. Windows ce ke kan yawancin injinan. Idan ɗaya ya ƙi nuna hoto, sai a kai shi wurin masu gyara a Circle, in ya gagara kuma a sayar wa 'yan gwangwan na Agbogbloshie.

A lokacin akwai wata hanyar. Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, kowa na iya karanta lambobinta ya gyara. A 2003 aka buɗe cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan a Accra da haɗin gwiwar Indiya, kuma ƙarƙashin Dorothy Gordon ta riƙa koyar da manhajojin da ba a kulle ba. Ubuntu ta fito a 2004, tana aika faifai kyauta ta gidan waya har zuwa 2011.

Wanda ya sa faifan nan yakan ga yadda inji ke tashi daki-daki. Da an danna maɓalli, BIOS ce ke duba kayan ciki, sannan ta karanta bayit 512 na farkon ma'adana. Daga nan GRUB ta ɗauko ƙwayar tsarin, wato kanel, wadda ke gano na'urorin da ke jikin injin, ta tayar da shirin farko da ke kunna sauran. Hoto shi ne ƙarshen zuwa.

A nan aka fi shan wuya. Tsarin X, wanda aka fara a jami'ar MIT a 1984, shi ne ke sarrafa katin hoto da kansa, kuma sau da yawa sai mutum ya gyara fayil ɗin xorg.conf da hannu. Kuskure ɗaya, allo ya yi baƙi ƙirin alhali injin na aiki lafiya lau. A 2009 aka mayar da saita allo cikin kanel, abin ya yi sauƙi, kuma yanzu Wayland na maye gurbin X. Har yau, idan tsohon kati ya ƙi, ƙara kalmar nomodeset a GRUB kan dawo da hoto.

Wannan tarihi ya shafi aljihunmu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows XP a Afrilun 2014, ta daina wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar injin da ba shi da TPM 2.0. Ke nan wani sabon tarin kwamfutoci masu lafiya zai nufo Tema. An rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie a 2021, amma ƙona waya don cire tagulla bai tsaya ba. Matashin Zango da ya san a wane mataki inji ya tsaya zai iya mayar da shi hannun ɗalibi maimakon wuta.