Gidan Tiyo Soga a Matsayin Hujja

Masana tarihin mishan a Afirka ta Kudu sun daɗe suna saɓani a kan Tiyo Soga, ɗan ƙabilar Xhosa da aka haifa a 1829, baƙar fata na farko daga ƙasar da aka naɗa fasto, a cocin Firesbiteriya ta Sikotlan, a 1856. Wasu na ganinsa ɗan koren Turawa, wasu kuwa na ɗaukarsa kakan 'yan kishin ƙasa. A ganina wa'azinsa ba zai raba gardamar ba, domin mai cin albashin mishan bakinsa ba nasa ba ne duka. Gidansa ya kamata a duba.

A 1857 ya auri Janet Burnside, Baturiya 'yar Gilasgo, ya komo da ita gida daidai lokacin da yunwa ke cin Xhosa bayan sun karkashe shanunsu bisa faɗar wata yarinya mai suna Nongqawuse. Suka zauna a Mgwali, Turawan yankin na yi wa auren kallon raini. A 1865 abokin aikinsa John Chalmers ya rubuta a jarida cewa Xhosa al'umma ce da ke kan hanyar ƙarewa, Soga ya mayar masa da martani mai zafi. Sai dai martanin da ya fi nauyi yana cikin wasiyyar da ya bar wa 'ya'yansa, inda ya hore su da su ɗauki kansu Xhosa, kada su ji kunyar launin ubansu don uwarsu Baturiya ce. A ƙasar da hasken fata ke buɗe ƙofofi, wannan ba shawarar ɗan kore ba ce.

Za a ce ai shi da kansa ya tura manyan 'ya'yansa uku karatu Sikotlan a 1870, kuma tashar mishan da ya buɗe a Tutura a 1868, cikin ƙasar Sarki Sarhili, irin su ne suka share wa mulkin mallaka hanya. Zargi na biyu yana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa na ganin amfanin ɓoye shi. Na farkon ne bai tsaya da ƙafarsa ba, domin 'ya'yansa maza huɗu duk sun dawo sun yi aiki cikin mutanen ubansu. William ya zama likita kuma fasto. John Henderson ya fassara kashi na biyu na littafin Pilgrim's Progress, wanda uban ya fassara na farkonsa, sannan ya wallafa littattafai biyu kan tarihi da al'adun Xhosa da maƙwabtansu. Allan ya zama editan jaridar Izwi Labantu, Jotello kuwa ya gama karatun likitan dabbobi a Edinbura a 1886, na farko daga Afirka ta Kudu. Wanda aka tura don a raba shi da asalinsa ba ya ƙarar da shekarunsa yana tattara salsalar kakanninsa.

Akwai kuma abin da ɓangarorin biyu ke tsallakewa. Tarin fuka ya kashe Soga a 1871, yaran duk ba su mallaki hankalin kansu ba. Janet ce ta kwashe ƙananan zuwa garin Dollar a Sikotlan ta rene su duka, nesa da duk wanda ke jin yaren ubansu. Tarbiyyar da ta mayar da su Afirka a hannunta aka yi, amma a yawancin rubuce-rubuce sunanta bai wuce layin da aka ambaci ɗaurin auren ba.