Tarihin Tsara Gwaji da Ƙididdiga Wajen Haɗa Maganin Ƙwari

Tsara gwaji da ƙididdiga hanya ce ta shirya gwaje-gwaje tun kafin a fara su, yadda 'yan kaɗan za su wadatar wajen gano abin da ke aiki da abin da ba ya yi. Masu haɗa maganin ƙwari sun dogara da ita ƙwarai, domin abin da ke cikin jarkar feshi ba guba ba ce zalla. Akwai ruwan da ke narkar da ita, da sinadarin da ke sa ta gauraya da ruwa, da wanda ke sa ta manne a ganye, kuma kowanne yana da nasa ma'auni.

Asalinta

A gona aka haifi wannan ilimi. A 1843 John Bennet Lawes ya kafa tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda aka yi shekara da shekaru ana tara bayanan amfanin alkama da taki. A 1919 aka ɗauki Ronald Fisher aiki don ya tantance su. Ya lura cewa bambancin ƙasa kaɗai yana iya sa fegi ɗaya ya fi wani albarka, a ɗauka taki ne ya yi aikin. Sai ya kafa ƙa'idoji uku: a maimaita gwaji, a raba fegi ta hanyar ƙuri'a, a kuma haɗa fegi masu ƙasa iri ɗaya a rukuni guda. Littafinsa na 1935 kan tsara gwaji shi ya tattara waɗannan ƙa'idoji.

Fisher ya kuma soki al'adar canza abu ɗaya a bar sauran. Shi da Frank Yates sun nuna cewa canza abubuwa da dama lokaci guda ya fi. In abubuwa uku ne, kowanne a mataki biyu, gwaji 8 zai nuna tasirin kowanne da kuma yadda suke shafar juna.

Auna ƙarfin guba

Masu nazarin ƙwari suna da tasu matsalar: ƙwari ba sa mutuwa tare, wasu ma sukan mutu ba tare da magani ya taɓa su ba. A 1925 W. S. Abbott ya fitar da lissafin cire waɗannan daga ƙidaya. A 1927 J. W. Trevan ya kawo ma'aunin LD50, wato adadin gubar da ke kashe rabin abin da aka gwada a kai. A 1934 Chester Bliss ya samar da lissafin da ke danganta yawan magani da yawan ƙwarin da suka mutu.

Daga gona zuwa masana'anta

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sababbin magunguna irin su DDT suka yawaita, buƙatar gwaji ta ƙaru. A 1946 Plackett da Burman suka fito da tsarin da ke tace abubuwa 11 da gwaji 12 kacal. A 1951 George Box da K. B. Wilson na kamfanin ICI suka nuna yadda za a bi sakamako taki-taki har a kai ga ma'aunin da ya fi kowanne. A 1958 Henry Scheffé ya warware matsalar gauraye, wadda ita ce ta fi shafar masu haɗa magani. Kamar mai dama fura ce: in ta ƙara nono, kason fura a ƙwarya ya ragu. Tunda jimilla ɗari bisa ɗari ce, ba a ƙara wani sinadari sai an rage wani.

Halin da ake ciki

Yau kwamfuta ke zana tsarin gwajin. Ana auna ko maganin zai rabu da ruwa in ya kwanta, ko zai jure zafin ɗakin ajiya, ko zai toshe bakin famfon feshi. Cibiyoyin bincike irin na Samaru a Zariya suna bin ƙa'idojin Fisher wajen gwajin gona, har da na feshin wake da auduga. Amfanin wannan ilimi babba ne: in an dace da haɗi, guba kaɗan za ta kare amfanin gona, manomi ya rage kashe kuɗi, lafiyar mai feshi da ruwan sha su tsira.