Na'urorin tace ruwa na matafiya: abin da suke iya yi da abin da ba sa iyawa

Mazauna unguwar Abakpa da ke ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa sun san inda ruwan gidajensu yake fitowa, ko famfo ne, ko rijiyar burtsatse, ko kuma 'yan garuwa.

To amma da zarar mutum ya shiga mota a tashar Kawo zuwa Zariya ko Kano, ko kuma ya nufi ƙauye don biki ko ta'aziyya, wannan sani ya ƙare. Abin da aka miƙo masa a moɗa shi zai sha.

Akasarin matafiya sun dogara ne a kan fiya wata, wanda doka ta ce sai da lambar hukumar NAFDAC za a sayar da shi. Sai dai kuma lambar da ke jikin leda ba ta nuna irin ajiyar da aka yi wa ruwan, kuma akwai ƙauyukan da ba a samun sa.

Haɗarin kuwa ba ƙarami ba ne. A shekarar 2021, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta ƙirga mutane fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu da cutar amai da gudawa, kuma sama da 3,500 ne suka rasu. Jihohin arewa ne annobar ta fi yi wa ɓarna.

Darasi daga yaƙi da kurkunu

Matacin ruwa na aljihu ba baƙo ba ne a Afirka, domin kuwa ya taka rawa a yaƙin da aka yi da cutar kurkunu.

A ƙarshen shekarun 1980, an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya, adadin da ya zarce na kowace ƙasa a duniya a lokacin.

Ana kamuwa da cutar ne ta hanyar shan ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari. Don haka Cibiyar Carter ta Amurka ta rarraba ƙyallen tace ruwa ga gidaje, manoma da makiyaya kuma aka ba su wani ɗan bututu mai rariya, wanda ake ratayawa a wuya a riƙa zuƙar ruwa da shi.

Janar Yakubu Gowon na cikin waɗanda suka zagaya ƙauyuka domin wannan aiki, kuma a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya ta rabu da kurkunu.

Daga wannan bututu ne kamfanin Vestergaard ya ƙera LifeStraw a shekarar 2005.

Abin da mataci ke tarewa

Bututun kurkunu ƙwari kawai yake tarewa. Na zamani kuwa suna da ƙofofi masu tsananin ƙanƙanta: na LifeStraw maikron 0.2, na Sawyer Mini kuma 0.1. Maikron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita.

Wannan ya isa ya tare ƙwayoyin bakteriya masu haddasa amai da gudawa da zazzaɓin taifot, da kuma ƙwayayen tsutsar ciki.

Sai dai ƙwayoyin bairos, kamar masu jawo ciwon hanta nau'in A da E, sun fi waɗannan ƙofofi ƙanƙanta, saboda haka suna wucewa. Haka kuma irin wannan mataci ba ya cire gishiri ko maganin feshin gona da ya narke a ruwa.

Wannan shi ne abin da mai saye ya kamata ya duba a jikin kwali kafin ya tambayi farashi.

Kulorin da haske

Ƙwayar kulorin, irin su Aquatabs, da kuma ruwan WaterGuard, suna kashe bakteriya da bairos, kuma su ne mafi arha da sauƙin ɗauka. Ana jefa adadin da aka rubuta, a jira minti 30 kafin a sha.

Rauninsu shi ne ba sa iya kashe wata ƙwayar cutar gudawa mai tauri da ake kira Cryptosporidium, wadda shi kuma mataci yake tarewa. Abin da ya sa ke nan masana ke ba da shawarar a haɗa biyun: a tace, sannan a sa kulorin.

Akwai kuma na'ura mai kama da alƙalami, irin SteriPEN, wadda ke kashe ƙwayoyin cuta da wani haske na musamman cikin daƙiƙa 90 a lita ɗaya. Tana buƙatar batir ko caji, abin da ba kullum matafiyi ke samu ba.

Wanda ba shi da ko ɗaya yana iya cika gorar roba mai haske da ruwa, ya kwantar da ita a rana na tsawon sa'o'i shida. Idan akwai hadari sosai, sai an kwana biyu.

Ruwa mai laka

Duk waɗannan hanyoyi suna samun cikas a ruwa mai gurɓacewa, irin wanda kogin Kaduna da rafuka ke kwasowa da damina. Laka tana toshe mataci, tana cinye ƙarfin kulorin, tana kuma kare ƙwayoyin cuta daga haske.

A nan ne dabarun gida ke da amfani. Alam ko dakakken ƙwallon zogale suna kwantar da laka, sannan a tsiyaye ruwan sama ta cikin ƙyalle mai tsabta.

To amma ruwan da ya yi garau ba lallai ne ya zama lafiyayye ba. A fiƙihun Malikiyya, ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su jirkita ba yana da tsarki, ana iya alwala da shi. Wannan hukunci ne na ibada, ƙwayar cutar kwalara kuwa ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun.

Har yanzu tafasawa ce hanyar da ke kashe dukkan nau'o'in ƙwayoyin cuta, muddin ruwan ya tafasa sosai na minti ɗaya. Bayan ya huce, a zuba shi a gora mai ƙaramin baki da marfi, domin moɗa da hannu sukan sake gurɓata ruwan da aka riga aka tsabtace.